Rama Iri Biyu: Tarihin Suga da Tumbi a Tsakaninmu



Lokacin da aka fara ba ni jan salla a masallacin layinmu idan liman ya yi tafiya, kujera ɗaya ce tak a ƙarshen sahu, ta wani dattijo da ya taɓa karaya a ƙugu. Kwanakin baya bayan la'asar na waiwaya na ƙirga kujeru bakwai. Uku daga cikin masu su ba su girme ni ba. Ɗaya an yanke masa yatsu biyu na ƙafa bara, ɗaya ido ya fara dushewa har sai yaro ya riƙe masa hannu, ɗaya kuma nauyin jiki ya ci masa gwiwa. In ka bi sawu, yawancinsu ciwon suga ne da ƙiba. Ba gori nake yi ba, domin ni ma ina cikin layi. Shekara shida ke nan da aka huda mini yatsa a asibiti aka ce sugana ya hau. Tun daga ranar nake tambaya, nake sauraro, nake karanta ɗan abin da ya sawwaƙa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. To bari mu waiwaya mu ga inda wannan ciwo ya fito, da yadda aka yi ya same mu a Abuja.

Ciwon da tururuwa ta fara ganewa

Ciwon suga ba ɗan yau ba ne. A wata tsohuwar takardar magani ta Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, an ambaci ciwon yawan fitsari. Masu maganin ƙasar Indiya na da can sun lura tururuwa tana taruwa a fitsarin wasu marasa lafiya, sai suka sa masa suna mai nufin fitsarin zuma. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana ciwon a littafinsa Alƙanun. A 1776 wani likita a Ingila, Matthew Dobson, ya dafa fitsarin mai ciwon har ya ƙafe, ya tarar da abu kamar sukari a gindin tukunya.

Duk tsawon wannan zamani alamar ciwon ɗaya ce: mutum yana ci, yana shan ruwa kamar raƙumi, amma yana zubewa. Wannan ita ce rama ta farko, ramar ciwo. Yaron da ya kamu ba ya daɗewa. Likitoci ba su da abin yi sai rage wa mutum abinci. A 1870, da sojojin Jamus suka kewaye birnin Faris har abinci ya yi wuya, wani likita mai suna Bouchardat ya lura wasu daga cikin masu ciwon da yake dubawa sugan fitsarinsu ya ragu saboda ƙarancin abinci. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

A 1889 wasu masana biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wani nama mai tsawo da ke kwance a bayan tumbi, wanda likitoci ke ce wa fankiriyas. Kare ya kama fitsari ba ƙaƙƙautawa, aka auna aka ga suga. Nan aka gane cewa wannan naman yana fitar da wani abu mai riƙe sugan jini. Amma kama abin a hannu ya ɗauki shekara talatin da ɗoriya.

Sai a 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, likita Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka tatso shi, suna aiki a ƙarƙashin Farfesa Macleod, James Collip kuma ya tace shi. Shi ne insulin. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa, ya farfaɗo. A wannan shekarar aka kai wata yarinya, Elizabeth Hughes, 'yar ministan harkokin wajen Amurka. An riƙe ranta ne da horon yunwa, nauyinta bai wuce kilo 20 ba tana da shekara goma sha biyar. Da aka fara yi mata allura ta yi ƙiba, ta girma, ta yi aure, ta haihu, ba ta rasu ba sai 1981. Waɗanda suka gano maganin dala ɗai-ɗai suka karɓa suka bar wa jami'ar Toronto haƙƙinsa. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da suka bari. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce yanzu ranar ciwon suga ta duniya.

Ɗan dako da mai shago

Mene ne aikin insulin? Bari in kwatanta da abin da muka sani. Duk abin da ka ci na hatsi, tuwo ne, shinkafa ce, burodi ne, doya ce, ciki yana mai da shi suga ya zuba a jini. Ka ɗauka jini titin kasuwa ne, suga kuma kaya ne da tirela ta sauke. Insulin shi ne ɗan dako. Shi ke ƙwanƙwasa shagunan jiki, wato tsoka da hanta, a buɗe a shigar da kaya. Tsokar da ke aiki tana sayar da kayanta nan da nan, kullum tana da wuri. In shago ya cika, sai a mai da sauran kitse a kai sito. Kuma matuƙar 'yan dako sun cika titi suna shigar da kaya, sito ba ya buɗewa a fitar da na ciki.

A 1936 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya nuna cewa ciwon iri biyu ne. Akwai wanda ba shi da 'yan dakon kwata-kwata. Wannan yawanci yara da matasa yake kamawa, kuma allurar insulin ita ce ransu, ba wani sauyin abinci da zai tsaya a madadinta. Akwai kuma wanda 'yan dakon suna nan, amma masu shago sun daina jin ƙwanƙwasa saboda kaya sun yi yawa. Sai fankiriyas ya ƙara turo wasu, ya ƙara, shekara da shekaru, har ya gaji. Kaya su taru a titi su ɓata hanya. Ƙananan jijiyoyin ido, da na ƙoda, da na ƙafa su ne ke fara lalacewa. Wannan na biyun shi ne na kusan mutum tara cikin goma na masu ciwon, shi ne nawa, shi ne na masu kujerun masallaci. Abokin tafiyarsa kuwa tumbi ne, domin kitsen da ke taruwa a ciki da hanta shi ke toshe kunnen masu shago.

Yadda muka zo nan

Kakanninmu fatake ne. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni a ƙafa, daga wannan zango zuwa wancan, madugu na jagora. Guzurinsu gari ne da fura da ƙuli-ƙuli da kilishi. Wanda ya zauna gida kuma fartanya ce a kafaɗarsa. Mata su yi sussuka, su yi surfe, su yi daka, su ɗebo ruwa. Ba na cewa zamaninsu aljanna ne. Sun sha yunwa, agana da ƙyanda sun kwashe musu 'ya'ya. Amma abin da suka ci na gero da dawa da acca jikinsu ya ƙone shi kafin rana ta faɗi.

Zaƙi kuma ba kullum ba. Ni mutumin ƙasar Maƙarfi ne, a cikin rake na tashi. Amma rake da ƙarfin haƙori ake shansa, kafin ka gama kara ɗaya muƙamuƙi ya gaji. Mazarƙwaila sai ranar kasuwa, zuma sai magani ko baƙo, dabino sai azumi ko tsarabar alhazai. Shinkafa abincin salla ce da biki. Saboda haka wanda ya yi ƙiba a garinmu an san ya samu. Ana cewa jikinsa ya murje, arziki ya zauna. Amarya in ta yi wata uku ba ta ciko ba, dangi su fara tambaya ko miji ba ya ciyar da ita. Wannan fahimta a zamanin ƙaranci aka haife ta, kuma a lokacin tana da hujja.

Sai abubuwa suka juya. A shekarun 1950 aka fara cika lemon kwalba a Najeriya. A farkon shekarun 1960 aka kafa babban injin fulawa a Apapa da kamfanin sukari a Bacita, daga baya na Numan ya biyo. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 suka cika tashar jiragen ruwan Legas da shinkafar waje, abincin salla ya zama na kullum. Taliyar indomi ta shigo a ƙarshen shekarun 1980.

A daidai wannan lokaci aka haifi birnin nan. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Tsohuwar Abuja, garin da Abu Ja na Haɓen Zazzau ya kafa a 1828, ta ba da sunanta ta koma Suleja. Ranar 12 ga Disambar 1991 gwamnati ta taso daga Legas. Ni na sauka a shekarar da ta biyo baya, da 'yar jakata da jarin koli. Na tarar da 'yan'uwa a Garki da Karu da Nyanya da Zuba, zaune cikin Gwarawa masu ƙasa, waɗanda suka karɓe mu da mutunci. Da faifan koli a ka nake bin wuraren gini, daga hantsi har magariba. Wandon da na zo da shi, da igiya nake ɗaure shi.

Galibinmu gwauraye muka zo, iyali suna gida. Wa zai tuƙa maka tuwo? Teburin mai shayi ya zama uwar ɗakinmu. Kofi babba, madara, sukari ƙwaya shida ko bakwai, burodi rabin sanda. Da rana shinkafa da lemo. Da dare indomi da ƙwai, a kora da wani shayin. Muna yawo a ƙafa abin bai nuna ba. Da Allah ya buɗa, na samu shago, na samu yaro mai miƙo kaya, na samu babur, daga baya mota. Tafiya ta ƙare, ci bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Awa biyu a zaune cikin cunkoson hanyar Nyanya, awa goma a zaune a kan benci. Da na je gida salla aka ce, Alhaji Abuja ta karɓe ka. Ni ma har cikin raina na ji daɗi. Ashe sito ne ke cika.

Ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Gwamnati ma ta farga, a 2022 ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari.

Rama ta biyu

Yanzu mu koma ga likitan Faris. Abin da ya gani a cikin yunwar yaƙi, masana sun gwada shi a natse. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka, a kan mutum fiye da dubu uku da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin kawai, kashi 31. Ka ga ƙafa ta fi ƙwaya. Mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo shida ne da 'yan kai. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a mako.

A 2017 kuma Farfesa Roy Taylor na Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow suka fitar da nasu, a kan waɗanda ciwon ya riga ya kama amma bai wuce shekara shida ba. An sa su a tsarin rage abinci mai tsanani a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara ɗaya, kusan rabinsu sugansu ya sauka ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 cikin ɗari ne. Bayaninsu shi ne, in kitsen hanta da na fankiriyas ya ragu, 'yan dako su huta, masu shago su dawo suna jin ƙwanƙwasa. Ciwon lafawa yake yi, ba tafiya ba. In tumbi ya dawo, shi ma ya dawo.

Wannan ita ce rama ta biyu, ramar lafiya. Matsalarmu ita ce idonmu bai iya raba su ba. Da na sauke kilo goma sha ɗaya a cikin shekara guda da rabi, wallahi har gaisuwar jinya aka zo yi mini. Wani ya ja ni gefe ya ce, Malam ko jari ne ya karye? Goggona ta aiko da rubutu daga gida. Na san mutum biyu da suka fara ragewa suka fasa saboda irin wannan magana. Bambancin kuwa a fili yake. Mai ramar ciwo bai nema ba, yana ci yana zubewa, ga ƙishirwa, ga fitsarin dare, ga kasala. Wannan ya tafi asibiti yau, kada ya kai gobe. Mai ramar lafiya shi ya nema, a hankali take zuwa, ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, sujada tana yi masa sauƙi.

Abin da na yi, da abin da nake jin tsoro

Ni ba likita ba ne, abin da aka ɗora ni a kai zan faɗa. Na fara da abin sha, domin shi ya fi saurin cika titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce wajen cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Lemon kwalba babba guda ɗaya kan iya cinye wannan kason. Zoɓo da kunun aya da fura ma, in an cika musu sukari, hukuncinsu ɗaya. Na rage na shayi ƙwaya ɗai-ɗai har harshe ya saba.

Sai tuwo. Kada wani ya ce maka tuwon gero ko na dawa ko acca ba sa zama suga. Suna zama, sai dai wanda ba a surfe shi tas ba ya fi tafiya a hankali. Yawan shi ne magana. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru: kuka, kuɓewa, taushe. Kwaɗon zogale da na rama, wake, ƙwai, kifi, gyaɗa kaɗan, nono marar sukari. Na daina cin dare mai nauyi in kwanta a kansa. Bayan cin abinci nakan taka na minti goma ko sha biyar, domin tsokar da ke motsi tana janye suga daga jini. Masallacin da nake zuwa a babur yanzu a ƙafa nake zuwa. Mu da muka yi Islamiyya mun haddace hadisin da Tirmizi ya ruwaito a kan raba ciki kashi uku tun muna yara. Hadda muka yi, aiki da shi ne ya gagare mu.

Awo kuma wajibi ne. In ka kwana ba ka ci komai ba aka auna, ƙasa da 100 lafiya, daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama in ya maimaitu ciwo ne. Wasu na'urori da wani lissafi suke nunawa, a nan 7.0 ita ce 126. Igiyar awon tela ma tana magana: ƙugun namiji da ya kai santimita 94, ko na mace da ya kai 80, ya kamata a bincika.

Tsorona uku ne. Na farko, wanda ke kan allurar insulin ko ƙwayoyin da ke saukar da suga da ƙarfi, kada ya yanke abinci da kansa. Suga kan faɗi ƙasa da 70, mutum ya kama rawar jiki da gumi, ya suma, har a rasa shi. Likita ne zai rage magani daidai da ragin abinci. Haka zancen azumi. A je a ga likita tun a Sha'aban. Malamai da likitoci sun daidaita cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma wanda sugansa ya faɗi ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya sha ruwa, shari'a ta ba marar lafiya rangwame. Mu masu lafiyar yin azumi kuma mu duba faranti. Mutum ya wuni da yunwa, ya buɗe baki da lemo da soye-soye da kunu mai zaƙi, ya fito Ramadan ya fi yadda ya shiga nauyi.

Na biyu, masu mota da lasifika a bakin kasuwa, masu maganin ƙona kitse da warkar da suga a kwana bakwai. Na ga wanda ya ajiye maganin asibiti saboda su, ya ƙare a wankin ƙoda. Na uku na mata ne. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, wasunsu suna tayar da sugan jini da hawan jini. Iyaye mata, ku dubi Allah ku daina auna zaman auren 'ya'yanku da kumatu.

Kakanninmu ba su zaɓi tafiyar ƙafa ba, dole ce ta sa su. Mu Allah ya hutar da mu daga wannan dole, sai ya zama da niyya za mu yi abin da su suka yi ba da niyya ba. Mun fara mu biyar, bayan sallar asuba muna zagaya unguwa na rabin awa kafin a buɗe shaguna. Duk mai so ya same mu a ƙofar masallaci. In kuma ka ga ɗan'uwanka rigarsa ta yi masa yawa, kafin ka ce sannu da jiki, tambaye shi wace iri ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gama da ƙafafunmu da idanunmu. Amin.